Ledar Shaidar Kamila

Isiyaku yana goge gilashin injin kwafi daga dama zuwa hagu, kamar mai bin layin rubutun Larabci. Haka yake yi kowace safiya kafin masu kayan lambu na kasuwar Utaiqa da ke Riyad su gama sauke kwalayensu. Shagon ba nasa ba ne, na kafilinsa ne, wato ubangidan da ya tsaya masa a takardun zama, wani dattijon Basa'ude da ba ya leƙowa sai wata ya yi nisa. Amma duk Bahaushen da ke unguwar, shagon Isiyaku yake kiransa.

Daga Bichi ya zo, shekara ashirin da uku ke nan. Ya ɗauki siminti har bayansa ya ce ya isa, sannan kafilin ya zaunar da shi tsakanin injin kwafi da injin laminetin, wanda ke rufe takarda da leda. A nan ya ga abin da gumi ke yi wa takardar baƙo. Leburori sukan zo daga gine-ginen Dir'iyya da takardun da suka kwana a aljihu har suka yi laushi kamar ganyen zogale a tukunya. Yakan miƙar da su a hankali, ya sa musu leda, ya zagaye kusurwoyin da almakashi don kada su soki mai su. A ganinsa, takarda marar leda tamkar yaro ne da aka bari tsirara a rana.

'Yarsa Kamila a Riyad aka haife ta. Da Larabci take mafarki, Hausarta kuwa takan yi tuntuɓe ta tashi. Yarinyar da ta girma ba ta taɓa ganin kogi mai gudu ba, ita ce ta ce injiniyar ruwa za ta zama, kuma a Jamus za ta karanta. Shekara biyu tana koyon Jamusanci, har ta ci jarrabawar harshen da ake bukata. Ranar da ta kawo shaidar kammala sakandare, Isiyaku ya wanke hannu kafin ya karɓa. Bai tambayi kowa ba. Ya zaɓi leda mafi kauri, ya jira injin ya yi zafi daidai, ya tura takardar, ta fito tana sheƙi.

Abokinsa Dalhatu ne ya fara gani. Direba ne a Unguwar Ofisoshin Jakadanci, Bazazzagi, kuma tun da suka haɗu bai bar Isiyaku ya huta da wasan Kanawa da Zazzagawa ba. Ya daɗe yana tuƙa masu jin Jamusanci, ya san abin da jami'o'insu ke nema: shaidar harshe, fassarar mai fassara da hukuma ta rantsar, kwafin da aka tabbatar, da kuma shekarar share fage ga wasu. Jami'ar da Kamila ta zaɓa ta ƙara da cewa sai an buga hatimin tantancewa a kan ainihin shaidar kafin a fassara ta. Dalhatu ya ɗaga takardar sama, ya fara dariya, sai dariyar ta tsaya masa.

"Bakano, ka yi wa takardar nan kabari. A ina kake so su buga hatimi, a kan roba?"

Ya bayyana masa cewa ma'aikacin tantancewa sai ya taɓa takardar da yatsa ya tabbatar ba jabu ba ce, kuma tawada ba ta zama a kan leda. Ranar sha biyar ga Yuli za a rufe karɓar takardu. Saura kwana goma sha tara. In aka wuce, Kamila za ta zauna shekara guda cur tana jira.

Da Kamila ta ji, ba ta yi kuka ba. Ta ce da shi babu komai, Abba, da Larabci, ta shiga ɗaki. Wannan babu komai ɗin ya fi masa zagi ciwo.

Washegari ya ɗauko takarda ɗaya tilo da ya mallaka daga makaranta, shaidarsa ta firamare, wadda ya yi wa leda tun shekararsa ta farko a shagon. Yana so ya gani ko za a iya ɓare ledar ba tare da ɓarna ba, kuma ba zai gwada a kan ta Kamila ba. Ya ɗumama ta, ya zura reza a gefe, ya ja a hankali. Ledar ta taso da sunansa a jikinta, da sunan makarantar, da sa hannun hedimastan da ya daɗe da rasuwa. Abin da ya rage farar takarda ce mai zane-zanen toka. Ya dube ta na ɗan lokaci, ya naɗe, ya buɗe wa mai jiran kwafi ƙofa.

Sai neman sabuwar shaida. Makarantar Kamila ta 'yan mata ce, namiji ba ya wuce ƙofa. Kamila ta shiga ta fito da bayani: sai uba ya rubuta abin da ya sami ta farko, sai kuma shugabar makaranta ta sa hannu, ga shi an shiga hutun bazara, ba kullum take zuwa ba. Dalhatu ya ba shi shawara ya rubuta cewa ɓata ta yi, don kada a ce ai takardar tana nan lafiya, me ake nema kuma.

"Ba ta ɓata ba," in ji Isiyaku. "Ni na lalata ta, kuma da hannun dama."

Haka ya rubuta da Larabcinsa na kasuwa, cewa shi mai sana'ar rufe takardu ne, ya so ya kare ta, ya cutar da mai ita. Ya miƙa wasiƙar ta ƙaramar tagar da ke jikin ƙofa.

Kwana shida yana zuwa. Yakan tsaya a siririyar inuwar katanga tun hantsi, inuwar tana janyewa yana binta, har ta ƙare a ƙarƙashin takalmansa. Sannan ya koma shago ya ba masu jira haƙuri. A rana ta shida wata mota ta tsaya, aka sauke gilashin baya kaɗan. Muryar wata dattijuwa ta tambaya ko shi ne uban da ya rubuta wasiƙar nan. Ashe shugabar makarantar ce. Ta ce shekara talatin tana karanta uzurin iyaye, ruwa ya ci, wuta ta ci, ƙaura ta ci, yau ne ta fara ganin wanda ya ce shi ne. Ta ce ya dawo jibi.

Sabuwar shaidar ta zo masa tsirara. Ya yanka kwali biyu ya sa ta a tsakani, ya riƙe da hannu bibbiyu a cikin mota, Dalhatu yana tuƙi yana cewa a kula da Bakano kada ya yi wa sitiyari laminetin.

A ofishin tantance takardu Kamila tana gefensa. Saura kwana tara, ga fassara ba a yi ba, amma mai fassarar ya ce kwana biyu sun ishe shi. Ma'aikacin ya murza gefen takardar tsakanin yatsu, ya ɗaga ta ga fitila, ya kife ta. Hatimin ya sauka da ƙara ɗaya. Isiyaku ya sunkuya yana hura tawadar a hankali har ta daina ƙyalli.

Kamila ta miƙo hannu. Ya ba ta, har da kwalayen.

"Riƙe abinki, uwata. Kada ki bar ni kusa da ita."

Ta yi dariya, ta ce masa da Hausarta mai tuntuɓe ya tsaya su sha shayi. Ya ce akwai mutum huɗu da ya ce su dawo shago bayan azahar. Ya gyara hularsa, ya yi wa ma'aikacin godiya, ya bi ta tsakanin kujerun masu jira ya fita.