Farantin da Ke Rufin Ɗakin Inna

A tsakar rufin ɗakin mahaifiyata a Matameye, daidai inda bakunan gini suka haɗu, akwai wani farantin tangaran fari mai shuɗin zanen furanni. Mahaifinta ya sayo shi wurin fataken da ke saukowa Damagaram daga arewa, mahaifina kuwa ya sa magina suka dasa shi a sama, domin in ta buɗe ido shi za ta fara gani.

Shekarar da na gama lakwal, wato makarantar boko, Nasara suka ɗauke ni akawu a biro, wato ofishinsu, can Damagaram, damina ta jiƙa rufin, farantin ya faɗo ya dare. A lokacin mahaifina ya riga mu gidan gaskiya. Da na zo gida sai na tarar Inna ta kwashe tabarmarta ta koma rumfa, tana fama da tari, ga feshin ruwa yana shigo mata.

Na ce, "Inna, don Allah ki koma ɗaki."

Ta ce, "In kwanta ƙarƙashin wannan rami? Kamar an ƙwaƙule wa ɗakin ido. Kai da aka ce yini kake kana liƙa takardun Nasara, faranti ɗaya ya gagare ka, Akawu?"

Muka zauna da yayana muna shawarar abin liƙi. Ya kawo maganar danƙon kaɗanya. Na ce baƙi ne, zai ɓata farin, kuma zafin bazara na sassauta shi. Ƙaro kuwa kowa ya san ba ya jure laima. Sai ya ce, "To ka ɗauko mana kol ɗin biro mana, abin liƙin nan da ke cikin kwalba. Wa zai sani?"

Na ce, "Yaya, ni zan sani. Ni aka damƙa wa amanarsa."

Na koma Damagaram na roƙi Baturen da nake aiki a ƙarƙashinsa ya sayar mini da kwalba guda. Ya yi dariya, ya ce in ɗauka kyauta. A hanya na buɗe, na sansana, na ɗan taɓa a harshe. Ƙaro ne! Ƙaron dajinmu ne aka kwasa, aka ƙetare teku da shi, aka jiƙa, aka dawo mana da shi da tambari a jiki. Har yau in na tuna raina yakan ɓaci, domin Inna ta ƙara kwanaki a rumfa saboda abin da ke tsattsafowa a itatuwan bayan gari.

Saboda haka ban ɗora wa ƙaron nauyin da ya fi ƙarfinsa ba. Na haɗa gutsattsarin da shi don kawai su tsaya a sahunsu, sannan muka sa aka kwaɓa laso, wato katsin marina da dafara da gashin akuya, irin wanda ake shafe rufi da shi. Muka cika ramin, muka danna farantin a ciki. Gutsure ɗaya daga gefe bai samu ba, laso ya leƙo ta wurin.

Inna ta shigo, ta ɗaga kai, ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Ya yi wushirya. A shigo mini da tabarmata."

A ƙarƙashinsa ta ƙarasa sauran shekarunta. Ɗakin ya daɗe da rushewa, farantin ya bi ƙasa, ba na nan ballantana in tsince shi. Yanzu a ƙarƙashin kwano nake kwana, amma duk safiya idona tsakar rufi yake fara nufa.