Motar da Ta Kai Ƙarar Baba Sannu

Shekara talatin da huɗu Baba Sannu ya yi yana tuƙa mutanen gidanmu, ko madubi bai taɓa fasawa ba. Ina aji biyu a firamare mahaifinmu ya ɗauke shi aiki. Sunan ma mu yara muka laƙaba masa, don ko mun makara, ko muna kuka a kujerar baya za a rufe ƙofar makaranta, ba ya ƙara gudu. Haka za mu isa a makare, mu sha bulala, shi ko a jikinsa.

Dogo ne siriri, ba ya rabo da tsumma a aljihun baya. Kafin ya tayar da mota sai ya zagaye ta, ya danna kowace taya da babban yatsa, ya leƙa ƙarƙashinta ko wani abu ya ɗiga. Shi ya kai ni ɗakin mijina, shi ya ɗauko mahaifinmu daga asibiti ranar da ya cika. Matarsa ta rasu da daɗewa, ƴarsa ɗaya tana aure a nesa, shi kuma yana zaune a ɗaki guda a bayan layin masu faci, a tsallaken babban titi. Bayan rasuwar mahaifinmu sai ya zama direban Inna, mahaifiyarmu. Sau uku a mako yake kai ta wankin ƙoda da kekenta na marasa lafiya, ya zauna a benci awa huɗu, ya dawo da ita.

Da tsohuwar motar ta gaji ta kwanta, sai kowa ya zama masanin mota. Yayana ya bugo waya ya ce jif za a saya, don mutuncin gida. Mijina ya ce ƙarama, saboda tsadar mai. Muka yi mako guda muna ja-in-ja, babu wanda ya tuna da mai tuƙin sai Inna.

"Ku tambayi wanda zai riƙe sitiyarin mana," in ji ta.

Baba Sannu ya gyara tsayuwa a bakin falo. "Jif ta masu ƙafa ce. Da tsani Hajiya za ta hau? Ƙaramar kuma, in an sa kekenta a but, sai dai a bar murfin a hangame. A samo matsakaiciya, mai ƙofa huɗu, wadda mutum zai zauna a ciki kamar ya zauna a kujerar falo."

Magana ta ƙare a nan. Ni da shi muka je kamfanin sayar da motoci, kuma sai da ya matsa muka ɗauki keken Inna a tasi. Wurin gilashi ne ta ko'ina, ga sanyi kamar cikin firji, ga ƙasa tana ƙyalli har mutum na jin nauyin taka ta. Wani mai kwat ya tarbe mu da fara'a, ya kawo mini ruwa, ya yi ta zuba mini bayani ba tare da ya kalli Baba Sannu ba. Shi kuwa ya naɗe keken, ya bi motoci uku yana saka shi a but yana cirewa. Ya auna faɗin ƙofar baya da kamu. Ya shiga ya zauna inda Inna za ta zauna, ya fito a hankali yana dafa ƙofa kamar mara lafiya. Sannan ya nuna wata mai ruwan toka ya ce, "Wannan."

Mai kwat ya ce ai mun iya zaɓe, don wannan motar tana magana da waya. Ya karɓi wayata ya saka wata manhaja. Da ita zan ga inda motar take, in kulle ta daga ofis, in san ranar canjin man inji. In wani abu ya gifta gabanta kuma direba bai taka birki ba, ita za ta taka da kanta, ta turo mini saƙo. Shekarar farko kyauta ce.

"Mota ce ko ƴar rahoto?" in ji Baba Sannu.

Muka yi dariya, har da mai kwat. Na sa hannu a takardu wajen takwas, ban karanta ko ɗaya ba.

A mako na biyu saƙonni suka fara shigowa. Ina zaune a ofis sai waya ta yi ƙara: mota ta kauce daga layinta. Bayan kwana biyu: mota ta taka birki da kanta don kauce wa karo. Da na tambaye shi, sai ya ce, "Ai motocin zamani matsorata ne, Auta. Leda ta gifta sai su daskare."

Na yarda, ban ko yi tantama ba. Mutumin da ya tuƙa ni tun ban san hagu da dama ba, wace na'ura ce za ta koya masa birki? Inna kuma ta fara ƙorafin cewa sabuwar motar fizga gare ta. Raina ya ɓaci, na ɗora wa motar laifi gaba ɗaya. Da wata mai zaƙin murya ta kira daga kamfanin tana neman ra'ayina, wai in ba motar maki daga ɗaya zuwa goma, na ce ɗaya, don babu sifili a lissafinsu. Na shiga zauren masu irin motar a waya na yi ta zuba. Wani ya ce tasa lafiya lau, man da take sha ne kawai ya fi abin da aka gaya masa. Wata ta ce ta kashe manhajar tun da aka fara neman ta biya. Wani dattijo ya rubuta cewa shekara biyu yana tuƙa tasa, sau ɗaya ta taɓa taka masa birki, kuma ranar ita ce da gaskiya. Na ce masa da gani kamfanin ne ya turo shi. Har yau ina jin kunyar wannan maganar.

Wata Laraba suna dawowa daga asibiti motar ta sake cijewa. Inna ta buga goshi a bayan kujera, inda aka cire mata allura a hannu ya ɓalle da jini, ya ɓata mata zani. Da na ga zanin nan idona ya rufe. Washegari na ce wa Baba Sannu ya tayar da mota, kamfanin za mu koma, su karɓi kayansu.

"Auta, a bar maganar nan," ya ce. "A kashe abin kawai, mu huta."

"Wallahi ba za a bari ba, Baba. Kai ne shaidata."

Ya tuƙa mu, ni ina baya ina ta shirya abin da zan faɗa, ban ɗaga kai na kalli yadda yake tuƙin ba.

Na wanke mai kwat tas, ta inda nake shiga ba ta nan nake fita ba. Da ya ga abin ya fi ƙarfinsa sai ya kai mu garejin da ke baya, wurin shugaban makanikai, wani mai furfura da tabarau. Mutumin ya jona kwamfuta a jikin motar, ya daɗe yana kallo. Ya ɗago ya dubi Baba Sannu, sannan ya dube ni.

"Hajiya, ko za mu shiga ofis, ni da ke?"

"Babu inda zan shiga. Faɗi a nan, a gabansa. Shi yake tuƙa ta, shi ya san halinta."

Sai ya juyo mana da kwamfutar. Sau goma sha tara motar ta taka birki da kanta cikin wata uku, in ji shi. A sha shida daga ciki, abin da ta gani daga hagu ya fito. Kyamarar gaba kuma takan ajiye hoton abin da ya faru. Ya danna na ranar Laraba.

Rana tsaka ce, titi fayau, babu leda babu komai. Wata mata ta sauko daga hagu za ta tsallaka, tana riƙe da hannun ƴar ƙaramar yarinya mai jakar makaranta. Motar tana tafiya, ba ta rage ba. Suna matsowa, tana matsowa. Sai hoton ya girgiza, komai ya tsaya, kan yarinyar yana daidai da fitilar mota.

"Ƙafar direba tana kan totur har ƙarshe," in ji makaniken a hankali. "Motar ce ta tsaya."

Makanikai biyu da ke kusa suka sunkuyar da kai suka koma aikinsu. Baba Sannu ya matsa dab da kwamfutar, ya karkata kai gefe yana kallo da idon dama.

"Akwai yarinya?" ya tambaya.

Makaniken ya nuna masa ita da yatsa.

"Matar na gani, bayan mun tsaya. Ban san da yarinya ba."

Ni na tuƙo mu gida, yana zaune a gefena, hannuwansa a kan gwiwa. Da safe na kai shi asibitin ido. Likitar ta ɗiga masa magani, ta haska, ta auna, ta sa shi ya danna maɓalli duk lokacin da ya ga haske. Sau da yawa hasken yakan zo ya wuce yatsansa bai motsa ba. Ta ce ruwan cikin idon ne ya yi yawa, ya daɗe yana danne jijiya. Na hagu ya kusa tafiya gaba ɗaya. Da na dama kuma yana gani ne kamar mai leƙe ta cikin bututu. Abin da ya tafi ba ya dawowa. Da an zo shekara biyu da suka wuce, da maganin ɗigawa ya riƙe mafi yawa.

A mota na kasa haƙuri. "Tun yaushe, Baba?"

"Ya kai shekara biyu."

"Shekara biyu kana ɗaukar Inna a haka?"

"Na san hanyar, Auta. Na san kowane rami, na san inda masu babur ke ɓullowa. Ina juya kai sosai. Da tsohuwar motar babu wanda ya taɓa kuka da ni."

"Da tsohuwar motar da ka kashe yarinyar nan!"

Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Na ji haushinsa har cikin raina, saboda Inna, saboda ƴar mutane. Na ji haushin kaina, ni da aka nemi in shiga ofis a rufa masa asiri na ƙi, na tsayar da shi a tsakiyar gareji aka tona shi a gaban baƙi. Motar ma na tsane ta, alhali ita kaɗai ce a cikinmu ba ta yi ƙarya ba kuma ba ta yi wauta ba.

"Me ya hana ka faɗa? Da mun kai ka asibiti."

Ya ce, "In na faɗa, sai ku karɓe makulli. To in babu makulli, da safe in tashi in je ina?"

Yayana ya riga ya yanke hukunci ta waya: a karɓi makulli yau, a ci gaba da ba shi albashinsa. Na gaya masa haka a tsakar gida, a gaban Inna. Na ce ya riƙa zuwa kullum, ya zauna, ya taya ta hira, ya nuna wa sabon direba hanya.

"Ni ba maigadi ba ne, Auta," ya ce. "Kuma ban iya cin abin zaune ba."

Ya ciro makullin daga aljihu, ya durƙusa ya ajiye a gefen keken Inna. "Hajiya, ki yafe mini. Na ɗauki ranki na yi caca da shi."

Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. Sai da ƙyar ta ce, "Allah ya yafe mana gaba ɗaya."

Na ce ya shiga in kai shi gida. Ya ce a'a, ya gode, ƙafarsa lafiya lau. Ya fita, na bi shi zuwa bakin ƙofa na tsaya.

Babban titin bai fi taku hamsin daga gidan ba. Na ga ya isa bakinsa ya tsaya. Rana ce mai ƙarfi, ga maganin likita bai gama sakin idonsa ba, kuma babu wasu masu tsallakawa da zai bi bayansu. Ya juya kai hagu gaba ɗaya, ya juya dama. Ya sauke ƙafa ɗaya, wata mota ta yi masa hon, ya mayar. Titin ya yi sarari, babu komai daga nan har kwana, amma bai motsa ba. Titin ya sake yin sarari, shi kuma ya ci gaba da tsayuwa. Na ƙirga sau huɗu.

Na tafi na tsaya a damansa inda zai gan ni. Na kama hannunsa. Na zaci zai fizge. Sai ya damƙe nawa da ƙarfi har na ji zafi.

"Babu mota, Baba. Mu je."

Muka sauka kan kwalta. Yana tafiya yana jan ƙafa, kansa a sunkuye.

"Auta," ya ce, "in mun kai tsallake ki gaya mini."