Turmin da Muka Ɗora a Bayan Ɗaki

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa kafin na yarda in rubuta wannan labari. Karatuna bai wuce lekol ta firamare ba, kuma ina tsoron in ɗora laifi a kan mutanen da suka riga mu tafiya. Amma shekaru sun ja, abin kuwa ya ƙi barina.

Wata Asabar ce a ƙarshen damina, shekara uku bayan samun 'yancin kai. Ina da shekara tara. Tun da sassafe Inna ta ɗaura zane a ƙirji tana shafe bangon gidanmu na unguwar Harobanda, a bakin kogi, da farar ƙasa, ni kuma ina kai mata ruwa a ƙwarya. Babanmu, wanda yake aikin jinya a asibiti, ya rasu wata biyu kafin nan. Ƙanensa, Baffa Ishaya, ya zo daga Dogon Dutsi don ya sayar da gidan ya mayar da mu gida. Dillali ya riga ya baza magana cewa ran Asabar bayan azahar ƙofa a buɗe take, duk mai so ya shigo ya duba.

Kwana huɗu muka yi muna gyara. Muka yaɓe tsagar da ruwan sama ya yi wa katanga, muka kai awakinmu gidan maƙwabta don kada a ji wari, muka tuge ciyawar tsakar gida da hannu. Layukan da na zana a ƙasa na wasan tsalle ma sai da na share. Baffa ya sauke hoton Baba da kalandar coci daga bango ya tura su ƙarƙashin gado. "Mai saye so yake ya ga gidansa, ba gidan wani ba," in ji shi.

Saura abu ɗaya. A bayan ɗakin Inna, gindin lemun tsami, akwai kabarin ƙanwata Saratu. Tana da wata biyar zazzaɓi ya ɗauke ta. A lokacin babu gada, maƙabartar Kirista tana ƙetaren kogi, jirgin da ke ƙetarar da mutane kuma ya lalace a ranar. Sai Baba ya haƙa da kansa a gida, ya kafa ɗan gicciyen katako. Baffa ya tsaya a wurin ya daɗe, sannan ya ce, ba tare da ya dubi Inna ba, "Matar yaya, babu wanda zai sayi gida da kabari. Ki yi haƙuri." Inna ta zare gicciyen ta shige ɗaki da shi. Baffa ya baje tudun da fartanya, ni aka ba madaɓi. Na yayyafa ruwa, na yi ta dukan ƙasar har ta kwanta daidai da sauran tsakar gida. Muka mirgino turmi muka ɗora a kai.

Mutane sun shigo da yawa. Suna ƙwanƙwasa bango, suna leƙa randa, suna ɗaga kai su duba azara. Daga ƙarshe wani komi, wato ma'aikacin ofis, mai aiki a unguwar Plateau ya zo da matarsa, Zabarmawa ne, Hausar kasuwa suke yi. Mutumin ya auna bayan ɗaki da taku, ya dafa turmin ya ce, "Nan ya yi nisa da rijiya. Nan zan haƙa salga."

Matar ta taka wurin, ta dubi ƙafarta, ta dube ni. "'Yata, me ya sa ƙasar nan ta fi danshi?"

Baffa yana bayanta, idonsa a kaina. Inna tana bakin ƙofa, ta sunkuyar da kai.

"Nan muke daka," na ce wa matar. "Ruwan surfe ne."

Ta yi dariya ta shafa kaina, ta ce yarinya mai aiki. Su suka sayi gidan.

Ranar da muka tashi, muna bayan kamyo, babbar motar kaya, a kan buhunan kayanmu, Inna ta matso ta ce a hankali, "Talatu, kin gaya wa matar nan daga baya?" Na ce a'a. Ta gyara ƙunshin da ke cinyarta, wanda na san gicciyen yana ciki, ta ce, "Ni ma na kasa." Ba ta sake tada maganar ba har ta rasu.

Yanzu gada ta haɗa gaɓa biyu, a 'yan mintoci ake kai mamaci ƙetare. Na koma Harobanda sau uku, siminti ya cinye unguwar, ban gane ko layin ba. Har yau in zan ajiye turmi sai na duba ƙasan wurin.

Don haka nake roƙo. Gida ne mai ɗaki uku, ƙofarsa tana kallon kogi, da rijiya a gaba da lemun tsami a baya. Idan akwai wanda ya tashi a cikinsa, ko ya san 'ya'yan komin nan, don Allah ya sanar da ni abu ɗaya: an haƙa salgar a wurin, ko an canja mata wuri?