Ranar da aka ɗibi jinin Baba wanzami

Jama'a, har yanzu bakina ya ƙi rufuwa!

Mahaifina wanzami ne a Darki, ya tsufa yana aski da ƙaho. Ƙishirwa da yawan fitsari sun dame shi, amma sai yau ya yarda muka je asibiti a Wudil gwajin suga.

Da aka zo ɗibar jini, ya runtse ido yana salati. Nas ta ɗora masa wata 'yar roba a yatsa, ƙas! Sai ga jini.

Ya buɗe ido ya ce, "'Yata, ina allurar?"

"Ta koma ciki, Baba. Sau ɗaya take suka."

"To ba ni in tafi da ita."

Ta jefa ta cikin kwalin zubar da allurai tana dariya. "Ai ta gama aiki. Kowa da tasa, kada cutar wani ta shiga jikin wani."

Baba ya bi kwalin da kallo.

Sugan ya ɗan hau, amma likita ya ce da magani zai sauka, alhamdulillah.

Muna fitowa ya ja ni shago ya sayi reza kwali guda, wai daga yau kowane kai da tasa. Na shekara ina roƙonsa wannan, nas ta gama da shi a minti ɗaya!

Ku wa ya taɓa shawo muku kan dattijonku haka?