Sakan Biyu na Baba

Ƙirgau ake ce masa tun yana yaro, domin komai sai ya ƙirga. Matakalar bene, ɗigon famfo, har takun keken ɗinkin matarsa, wadda takan ce da shi in ya gama lissafin ya zo ya zura mata zare. Ubansa mai busa sarewa ne, shekara arba'in yana busa ba tare da ya taɓa ƙirga komai ba. Ɗan kuwa da ya tashi sai ya zama mai sa wa fim kiɗa, a wani ɗaki da ya liƙe bangonsa da soso, da kwamfuta ɗaya, da fiyano, da lasifika biyu waɗanda yake share wa ƙura fiye da yadda yake goge takalminsa.

Aikinsa ba wuyar faɗa. Hoto yana tafiya a saman allo, kiɗa yana bi a ƙasa, shi kuma sai ya tabbata sun iso tare. Idan za a buɗe ƙofa, to, busa ta sauka daidai lokacin da ƙofar ta buɗe. Wuyar tana wajen yi.

Ranar da ake magana, fim ɗin ya kusa fita daga hannunsa. A ƙarshensa wata mata tana tafiya a barandar asibiti, ta tura ƙofa, ta tarar da gado babu kowa. A nan Ƙirgau ya sa sarewar Baba, wadda ya naɗi busarta wata takwas da suka wuce, kafin ciwon ƙirji ya kwantar da tsohon, likita ya hana shi busa har abada. Ba wata da za a sake ɗauka. A tsakiyar busar kuma akwai wurin da Baba ya tsaya ya ja dogon numfashi, ana jin iskar tana shiga, sakan biyu cif.

Da ƙarfe ɗaya na rana darakta ya kira.

"Ƙirgau, edita ya rage tafiyar matar nan. Sakan biyu kawai muka cire. Na turo maka sabon hoton."

"Yallaɓai, ai ka ce an rufe hoto, ba sauran canji."

"An rufe, an buɗe. Ina tafe ƙarfe huɗu. Ka ga wurin nan da tsoho ya yi shiru? Yanke shi, shi ke nan ya daidaita. In kuma ba zai yiwu ba, ka cire sarewar, ka sa mana goge na inji."

Ya ajiye wayar, ya kunna sabon hoton. Gaskiya ne. Matar ta tura ƙofa, ta ga gadon, har ta kai hannu baki, sannan busar ta biyo baya kamar baƙon da ya iso an nannaɗe tabarma.

Yankewar ba ta fi minti ɗaya ba, kuma ya san haka. Ya ɗora kibiyar kwamfuta a kan wurin, sai hannunsa ya ƙi. Duk duniya wannan ne kaɗai wurin da numfashin ubansa yake a ajiye cikakke, tun kafin ya koma guntu-guntu. Tsoro ya kama shi, na ya yanke, da kuma na a cire busar gaba ɗaya.

Saura hanya guda: ya sato sakan biyun daga saurin kiɗan. Baba ya busa a kan bugu saba'in da biyu a minti. Ƙirgau ya ɗauko biro ya yi lissafi a bayan wata takarda, ya ga saba'in da shida zai kai shi. Ya buga lambar, ya kunna. Sarewar ta zabura lokaci guda, ko kurma ya san an ingiza ta. Abin da ya fi muni, cikin gaggawa ya manta bai kulle sauran kiɗan a jikin hoto ba. Duk abin da ke bayan wurin ya zame, gangar rufe fim ta faɗo a kan fuskar matar tana kuka. Mutumin da ke ƙirga matakalar bene ya manta da makulli ɗaya. Ya dafe kai, ya mayar da komai yadda yake, ya kulle. Ƙarfe biyu da rabi ta wuce.

Matarsa ta leƙo da kofin ruwa. "Maigida, ka ci wani abu kuwa?"

"Bari, don Allah."

Ta dubi allon, ta ji sarewar, ta gane ta wane ce. Ta ajiye kofin, ta ja ƙofar a hankali.

Sai ya koma bin busar gaɓa-gaɓa. Inda Baba ya hau sama, ya ƙara bugu ɗaya, tunda mai hawa dama yakan yi ɗoki. Inda ya riƙe dogon sauti, ya bar shi, don ja kaɗan zai sa muryar rawa. Saba'in da uku, da huɗu, har da takwas a tsakiya, sannan ya fara sauko da ita a hankali kafin numfashin. Ya kunna, saura rabin sakan. Ya sake, ya zarce. Rigarsa ta manne a bayansa, ƙafarsa tana buga ƙasa ba da saninsa ba. Sau goma sha ɗaya ya gwada, ya ƙirga.

Huɗu saura minti biyar ya ji takun darakta a bene. Mutumin ko zama bai yi ba, ya ce a kunna. Matar ta taho, sarewar na biye, aka ja numfashin, ƙofa ta buɗe, busar ta sauka a kanta. Darakta ya juyo ya dube shi.

"Ba ka yanke ba."

"Ban yanke ba, yallaɓai."

"To ina ka samo sakan biyun?"

"Nan da can."

Darakta ya ɗauki makullin motarsa. "Bar shi haka."

Kafin rana ta faɗi Ƙirgau ya isa gidan Baba da busar a waya. Tsohon yana jingine da filo uku, ƙirjinsa na ɗagawa da ƙyar. Ya saurara ido a rufe.

"Kai... wa ya kore ni? Ban yi wannan saurin ba."

"Ni ne, Baba. Kaɗan ne."

"Na ji kaɗan ɗin." Ya huta. "Shirun nan fa? Kuskure ne. Me ya sa ka bari?"

Baba ya miƙo hannu ya taɓa wayar.

"Mayar da shi wurin. Ina so in sake ji." Aka mayar, iskar ta shiga, doguwa, ba tari. "Ashe har haka ƙirjina yake cika," in ji Baba. "Sake."