Filashin Da Na Ɓoye

Shekarun da muke karatu a Khartoum, rigimar manyan ƙasashe da gwamnatin soja ta biyo mu har ɗakin kwana. Saboda takunkumi, in ka nemi sabunta maganin bairos na kwamfuta a intanet sai shafin ya ce ƙasarka ba ta cikin waɗanda aka yarje wa.

Sai muka ƙulla namu ƙawancen, mu 'yan Najeriya da 'yan Nijar. Duk wanda ya dawo hutu ya zo da sabon maganin a filashi, a zagaya da shi ɗaki-ɗaki. Wanda kuma filashinsa ya kamu, ya faɗa nan take. Ni ne ma na fi kowa tsawatarwa a kan wannan doka.

Abokin ɗakina Bazindire ne, mai sanyin hali, kuma kundin digirinsa na biyu yana cikin kwamfutarsa, saura wata guda ya miƙa. Wata rana na sa filashina a wani shagon intanet kusa da Suk al-Shabi, na ga fayilolina sun rikiɗe. Kunya ta hana ni faɗa. Da yamma ya ari filashin, na ba shi ina kallo. Har yau ina jin haushin kaina.

Washegari kundin ya ƙi buɗuwa. Muka hau mota zuwa Kasuwar Libiya, wurin wani dattijo mai gyara, Bahaushen Omdurman. Ya duba ya duba, ya cire tabarau.

“Ma'alesh ya waladi, sai haƙuri ɗana, babi biyu na ceto. Uku sun tafi, khalas, shi ke nan. Filashin wa ka sa?”

Kafin abokina ya amsa na ce, “Nawa ne, Baba. Kuma na san ya kamu.”

Muka hau mota muka koma. A ɗaki ya zube mini littattafansa na rubutun hannu.

“Malam, ni zan karanta, kai ka buga.”

Mako uku muka yi. Larabcina a kan madannai tafiyar kunkuru yake yi, yana tsokanata wai ko jakin garinsu ya fi ni sauri. Na ƙaunaci mutumin nan a makonnin fiye da shekara biyun da muka yi tare.

Ranar da muka gama, ya kwafe kundin a sabon filashi, ya miƙo mini.

“Riƙe mini wannan. A wurinka zai zauna har in miƙa.”