Mai Neman Babur Na Biyu

Tun da kuɗin ƙarin albashi na Udoji ya sauka ma'aikata ke sayen sababbin babura, tsofaffin kuma suna taruwa a gindin ɗorawar bakin kasuwar Birnin Kudu. Nan nake jingine kekena duk ranar kasuwa, in ba idona abinci.

Yau ga wani baƙo, gajere, kakkaura, hularsa ta koɗe don wanki. A kan jan babur ya zo, nasa na kansa, amma wai wani yake nema. Na biyu! Ni da ko na farko ban taɓa mallaka ba.

Ba ruwansa da fenti. Yana tsugunawa, ya lakato bakin salansa da yatsa, ya shinshina. Yana gaya wa dillali aljihunsa bai kai na sahun gaba ba, a nuna masa tsoho mai ƙwari. Kantar hannunsa ta manomi ce. Ina jin daga Basirka yake: jan na zuwa Juma'a da biki, wannan na jigilar amfanin gona. Wato babur ɗinsa ma bara mai yi masa hidima za a saya masa.

Da dillali ya turo masa wani tsohon babur, sai ya waiwayo, ya auna ni da ido.

"Malam, don Allah hau baya mu zaga. Za ka kai nauyin buhun gyaɗa, ina so in ji ƙwarin sifirin babur ɗin."

Na so in ƙi, amma na hau. Iska tana dukan fuskata, daɗi kamar ya kashe ni, haushinsa kuma har wuya.

Da muka dawo ya ce da dillali, "Zai ɗauki kaya."

Kayan ya sauka, ya koma wajen kekensa.